Wankan Yaya Asama'u

Ranar Alhamis labarin ya same ni, ina tsugune gaban tanda a bakin layin dogo na Agege, na zuba ƙullun masa zubi na biyu. Da na ga sunan Abdulrauf, ɗan yayata, a waya da sassafe haka, na san ba lafiya tun ban ɗauka ba.

"Inna," ya ce, "Umma ta cika. Ɗazu bayan asuba."

Na yi salati. Masa tana ƙonewa ina kallonta. Ramatou, 'yar Maraɗi mai koko da ke zama gefena, ita ta ture ni ta sauke tandar.

"An taɓa ta?" na ce masa.

"Ba wanda ya taɓa ta. Na rufe ɗakin, makulli yana aljihuna. Amma su Baffa sun ce ƙarfe goma za a kai ta."

"Ka ce musu la'asar. Ka ce ƙanwarta tana hanya, kuma wasiyya ce. Ko zaginka za su yi, ka tsaya a bakin ƙofar nan."

Yaya Asama'u ce ta raine ni bayan mutuwar uwarmu. Shekara bakwai kafin rasuwarta ta zo Legas, aka gaya wa mutanen unguwarsu a Kurna cewa ta zo taya ni sana'a. Ba sana'a ta kawo ta ba. Ciwon daji ne ya kama ta a nono, aka yi mata aiki a nan, aka cire na hagu gaba ɗaya. Wata huɗu tana ɗakina, ni nake wanke mata wurin. Da za ta koma, na ɗinka mata ɗan matashi na auduga daidai girman ɗayan, tana sa shi cikin rigar nono. Duk shekara in na je sai na kai mata sabo. Ba wanda ya sani sai ni da 'ya'yanta biyu, Abdulrauf da Safinatu.

Yaya ba ta son a ji tausayinta, kuma ta san dangin marigayi mijinta. Yana da ƙanwa, Badiyya, wadda in ta ga abu da safe, kafin azahar an ji shi a Rijiyar Lemo. Ga Safinatu ba ta yi aure ba, Yaya tana tsoron a ce abin gado ne. Ranar da na raka ta tashar mota ta kama hannuna ta ce, "Kalsum, in na riga ki, ke za ki yi mini wanka. Ke kaɗai, Safinatu ta zuba miki ruwa. Kada ki bari idon Badiyya ya sauka a ƙirjina." Na ce ta bar irin wannan magana. Ta ce, "Ce mini to." Na ce to.

Safinatu budurwa ce, ba ta taɓa ganin wankan gawa ba, ba kuma wanda zai sakar mata shi. In ban je ba, Badiyya ce.

Mota kwana take yi a hanya, saboda haka sai jirgi, abin da ban taɓa hawa ba. Maigidana Mato mahauci ne. Ya baro abatuwa da jini a takalminsa, ya ja ni shagon wani mai sayar da tikiti da ake ce wa Bature, muka tsaya har ya buɗe. Bature ya duba kwamfuta ya ce akwai na ƙarfe sha ɗaya, akwai kuma na sha biyu da rabi na wani kamfani dabam. Ya ce in ɗauki na sha biyu da rabi, kada cunkoson hanya ya ci ni. Ya buga mini takarda, sunana a kai, ya ce, "Shi ke nan, Hajiya, kujerarki ta tabbata. Ki dai je da wuri." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ƙarfe biyu ina Kano, daga filin jirgi zuwa Kurna ko da ƙafa mutum ya je.

Na kuwa je da wuri. Tara da rabi ina cikin filin jirgi na Ikeja. A bakin ƙofa aka tsayar da Mato, aka ce sai mai tikiti. Na shiga ni kaɗai da 'yar jakata, a ciki akwai zane biyu, sabulu, kafur da ganyen magarya da Ramatou ta samo mini wurin masu magani.

Shekara ashirin da shida ina bin mota tsakanin Agege da Kano, na san yadda ake tafiya. Ki biya, kamasho ya rubuta sunanki, ki ajiye ɗankwali a kujera, ki je ki yi salla ki ci abinci. In lokaci ya yi ya ɗaga murya ya ce Kano ta tashi, in bai gan ki ba ya aika a nemo ki har bayan gida. Saboda haka na nemi kujerar ƙarfe da ke kallon kantar kamfanin, na zauna, takardata a hannu, ina jiran a kira Kano.

Wajen ƙarfe goma wasu 'yan biki suka shigo, sun kai arba'in, mata duk cikin anko ruwan goro, da akwatuna kamar masu hijira. Suka yi layi a gaban kantar. Na ce a raina waɗannan ko tikiti za su saya ko kaya za su bayar, ni na riga na saya kuma ba ni da kaya. Har tausayinsu na ji, na tsayuwa. Lasifika tana ta magana a sama. Ina jin Yarabanci kamar Hausa, ina jin Turancin kasuwa, amma wannan da ake yi ta hanci ban kama komai ba. Awa biyu ina zaune ina jan carbi ina kallon layin nan yana tafiya.

Wata mai shara, dattijuwar Bayarabiya, ta zo gogewa ƙarƙashin ƙafata sau biyu. A na uku ta tambaye ni da Yarabanci ina za ni. Na ce Kano. Ta dubi takardata ta ce ina ƙaramar, mai lambar kujera? Na ce wace ƙarama? Ta jefar da tsumma ta kama hannuna ta ja ni.

Sha biyu saura ashirin da biyar na tsaya gaban kanta. Ba a rufe ba, ban makara ba, su da kansu sun yarda da wannan daga baya. Mata biyu 'yan biki suna gabana, aka ba su tasu. Yarinyar da ke kantar, mai farata kamar na shaho, ta karɓi takardata, ta danna, ta danna, ta turo mini ita ba tare da ta dube ni ba.

"Madam, jirgi ya cika."

"Na sani zai cika," na ce. "Ni ma ina ciki. Ga sunana."

"Sunanki yana nan. Kujera ce babu."

"Wa ya zauna a tawa? A tashe shi."

Ta yi dariya ta dubi abokiyar aikinta. Ta ce ba ni da kujera tun da ban zo na karɓi lamba ba. Na ce tun tara da rabi ina gabanta a zaune, ta tambayi mai shara. Ta ce zama ba ya nufin komai. Na ce yayata tana kwance a ɗaki a rufe ana jirana in yi mata wanka. Ta ce ayya, tana dannawa. Ta ce sai dai in wani ya yarda ya bar mini tasa.

Na bi ɗaya daga cikin matan nan biyu, wata mai ɗaurin kai kamar faifai. Na durƙusa mata a gaban mutane, ni da na girme ta. Na gaya mata komai, ban da abin da ba a faɗa.

"Wayyo, Allah ya jiƙanta," ta ce. "Wallahi da na ba ki. Amma kamu yau ne da yamma, kuma turaren yana jakata."

"Ki ba wata a cikin mutanenki ta kai. Kun kai arba'in."

"Ba ki san dangin angon nan ba ne, Hajiya. Allah ya ba ku haƙuri."

Ta ja akwatinta mai taya ta wuce. Turare.

Mu uku aka bari. Wani ɗan kasuwa ya zagi iyayensu ya tafi. Wani mai kwat ya yi ta waya yana faɗin sunaye, can sai wani ma'aikaci ya zo ya tafi da shi ta wata ƙofa. Ban san inda aka samo masa wuri a jirgin da ya cika ba. Na ce a mayar da ni na ɗaya kamfanin, aka ce ya tashi tun sha ɗaya. Yarinyar ta ce sun sa ni a na bakwai saura ashirin na yamma, kuma kamfani ya yi nadama. Ta miƙo mini leda da burodi mai nama a ciki da lemon kwali. Na bar mata su a kan kantar.

Na kira Abdulrauf. Na gaya masa, ya ce, "Inna, ba za su kwana da ita ba. Zafi ake yi. Da ƙyar na kai su la'asar."

A bayansa na ji muryar Badiyya: "Kai, ba ni makullin nan! Baiwar Allah za ku bari ta kumbura saboda 'yar Ikko?"

Na ce ya ba ta wayar. Wannan ne kuskurena na biyu a ranar.

"Yaya Badiyya," na ce, "don girman Allah ki yi wankan ta ƙarƙashin zane. Kada ki yaye mata ƙirji. Kada kowa ya shiga sai ke da Safinatu."

"Ke za ki koya mini wanka? Gawa nawa na wanke kafin ki san tanda?" Sai kuma ta ce, "Me ke ƙirjin nata?"

Na kashe wayar. Na koma kujerar ƙarfen na zauna, jakar magarya a cinyata. Ƙarfe huɗu da kwata Abdulrauf ya aiko mini da saƙon murya, an sallace ta.

Jirgin yamman na hau. Washegari da hantsi ina zaune a tsakar gidan Yaya cikin mata masu makoki. Tun ban gama amsa gaisuwa ba na san an gama. Mata suna duban ƙirjin Safinatu in ta wuce da buta. Wata tsohuwa da ban sani ba ta matso ta riƙe hannuna ta ce, "Ashe baiwar Allah da guda ɗaya take yawo duk shekarun nan. Kai, duniya. Ita yarinyar an duba ta kuwa?"

Malamai sun ce mai wanka ta rufe abin da ta gani. Badiyya ta shiga da mata uku, ta fito kuma da abu a hannu. Safinatu ce ta ja ni ɗaki ta buɗe tafin hannunta. Ɗan matashin audugar ne, na shekarar, mai ɗinkin baƙin zare domin farin ya ƙare mini a lokacin. Ta ce a kan tabarmar mata ta tsince shi, ana miƙa wa juna ana matsawa.

Na fito. Badiyya tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana rabon gumba.

"A'a, 'yar Ikko, an iso?" ta ce. "Ku da kuka ɓoye mana ciwo kamar mu ba dangi ba. Da mun sani ai da mun nema mata taimako."

"Sannu da aiki, Yaya Badiyya," na ce. "Allah ya ba ki mai wanka irinki."

Wasu suka ce amin, ba su gane ba. Ita ta gane. Ba mu sake magana ba har na baro Kano, kuma mota na hau.

Bayan sadakar arba'in saƙo ya shigo wayata, Mato ya kai aka karanta masa. Kamfanin jirgi ne, wai sun ba ni tikiti kyauta saboda abin da ya faru. Na ce masa ni ba tikiti nake so ba, mutumin nake so in gani. Kujera ba ta sayar da kanta. Akwai wanda ya zauna ya ce a sayar da abin da babu.

Sau uku na je ofishinsu a Ikeja. Na farko aka ce in rubuta takarda. Na biyu aka ce oga ya fita. Na uku na shimfiɗa ɗankwalina a ƙasa a gaban teburin mai karɓar baƙi na zauna, na ce na iya zama, su tambayi 'yan'uwansu na filin jirgi. Bayan awa ɗaya aka hau da ni bene, aka kai ni wurin wani Mista Istifanus, mutumin Jos, saboda yana jin Hausa. Siriri ne mai tabarau, ɗakinsa sanyi kamar inda su Mato suke ajiye nama. Ya tashi ya ba ni kujera, ya yi mini gaisuwa da kyau. Ba zan ce ba shi da ladabi ba.

"Kai ne mai sayar da kujera sau biyu?" na ce.

"Mama, ba haka ba ne daidai. Ni lissafi nake yi. Bari in nuna miki, za ki gane, ba wuya."

Ya jawo farar takarda da biro. Fuskarsa ta saki, kamar malamin da ya daɗe bai sami ɗalibi ba.

"Jirgin yana da kujera ɗari da hamsin. Mun duba shekara da shekaru, a cikin mutum goma da suka sayi tikiti, ɗaya ba ya zuwa. Ko ya makara, ko ya fasa. In muka sayar da ɗari da hamsin cif, jirgi zai tashi da kujera sha biyar babu kowa. Asara ce. Saboda haka muna sayar da ɗari da sittin."

"Ni ta nawa ce?"

Ya duba kwamfuta. "Ɗari da hamsin da takwas."

"Wato lokacin da aka buga mini takarda, kujeru sun riga sun ƙare."

"A takarda, e. Amma a zahiri ba mu sa ran..."

"Da kun ce babu, da na hau na sha ɗaya. Yana nan a kwamfutar Bature, na gan shi da idona."

Ya gyara tabarau. Ya ce in bari ya gama. Ya ce in za a bi mutum ɗari da sittin ɗaya bayan ɗaya, wannan zai zo, wannan ba zai zo ba, lissafin yana da tsawo. Amma masana sun gano cewa in mutane suka yi yawa, abin yakan kwanta ya zama kamar tudu. Sai ya zana tudu a takardar, mai tsayi a tsakiya, ya gangaro gefe da gefe kamar an kife ƙwarya. A kan ƙololuwar ya rubuta ɗari da arba'in da huɗu.

"Yawancin ranaku nan ake faɗawa, ko sama da huɗu, ko ƙasa da huɗu. Kina gani? Duk yadda aka yi nisa da tsakiya, tudun yana ƙara kwantawa." Ya kai biro can gefen dama inda layin ya kusa taɓa ƙasa, ya ja tsaye. "Nan ne ɗari da hamsin da rabi. Abin da ya wuce nan shi ne ranar da wani zai rasa wuri."

"Da me?"

"Da rabi."

"Rabin mutum?"

Ya yi murmushi. Ya ce kowa sai ya yi wannan tambaya. Ya ce mutane a ƙirge suke kamar matakalar bene, ɗaya, biyu, uku, shi kuwa tudun sumul yake, to sai an ƙara rabi kafin su yi kusa da juna. Ya ce tudun ba gaskiyar ba ce cif, kusa da ita ne, amma ya isa a yi aiki da shi.

Na dubi mutumin nan. Ya yi karatu har gashin kansa ya fara zubewa, an ba shi ɗaki mai sanyi, yana zaune yana raba mutum biyu da biro. Mato ma da yake raba sa biyu, sai ya ambaci sunan Allah tukuna.

Ya baƙanta ɗan wurin da ke bayan layin da biro, bai kai faɗin farcena ba. "Wannan shi ne. A tashi ɗari, kamar huɗu ne kawai. Ranarku kuwa mutum ɗari da hamsin da uku suka zo. Wannan sau ɗaya ne a ɗari. Gaskiya, Mama, rashin sa'a ne. Kin faɗo a wutsiyar tudun."

"Ka san su wa ke cikin jirgin?"

"Fasinjoji."

"'Yan biki ne. Mutum arba'in, anko iri ɗaya. A tudunka, huɗu a cikinsu za su fasa ke nan?"

"To, shi lissafin yana ɗauka kowa da ransa yake, zuwan wannan bai shafi zuwan wancan ba."

"A wane gari? Kai ɗan Jos ne, ka zauna da Hausawa. Ka taɓa ganin macen da ta ɗinka anko ta fasa biki? Ko ciwo take yi sai an ɗauko ta. Tun asuba suke kiran juna a waya, mota ɗaya ta kwaso su. In ɗaya ta zo, duk sun zo. Ranar Alhamis, jirgin Kano, ba ka san ana kamu ba?"

Ya dubi tudunsa. Ya ce gaskiya in rukuni ne babba, tudun yakan fi haka faɗi, kuma ya taɓa rubuta wa na sama da shi a kan wannan. Ya ce magana ce mai kyau na kawo, har ya ɗauki biro ya rubuta wani abu a gefen takardar. Ni mai masa na zo da gawa a zuciyata, shi kuma ya sami gyaran lissafi.

"Kamashon tasharmu bai yi aji ɗaya ba," na ce. "In zai yi lodi fiye da kima, a gabanki zai yi, ya ce matsa, ki matsa, kowa ya tafi a matse. Bai taɓa karɓar kuɗina yana fatan wani ya makara ba. Ku sana'arku ke nan, fatan mutum goma su yi hatsari a hanya."

"Ba hatsari ba, Mama."

"To me? Ciwo? Cunkoso? Zaɓi wanda kake roƙo."

Bai zaɓa ba. Na tambaye shi mai kwat da aka bi da shi ta wata ƙofa, shi a wane gefen tudun yake. Ya ce ba sashensa ba ne. Sai can ya ce, a hankali, wai ba don ya ɗora mini laifi ba, amma da na je gaban kantar tun tara da rabi da na iso, da na samu.

Wannan na sani. Ba sai mai tabarau ya gaya mini ba. Na san kujerar ƙarfen nan, na san sanyinta, na san sau nawa na zagaye carbi ina kallon layi yana cinye wurina. Ba ranar da ba na tashi daga kanta a zuciyata in je in tsaya a bayan matan nan. Amma na ce masa, "Da na samu, da wani ya rasa."

"E," ya ce. "Mutum uku dole."

"To ba ka ce komai ba."

Ya buɗe aljihun tebur ya fito da ambulan. Ya ce tikitin kyauta ne, zuwa da dawowa, duk garin da nake so, shekara guda yana aiki.

"Ina za ni?" na ce.

Ya riƙe ambulan ɗin a sama, bai san inda zai ajiye shi ba.

"Mahaifiyarka tana da rai?"

"Tana nan, a Bukuru."

"Allah ya ja kwananta. Ka adana takardar nan da ka zana. Ranar da aka kira ka da asuba, ka tafi da ita filin jirgi, in yarinyar ta ce ya cika sai ka nuna mata wurin da ka baƙanta."

Na ɗauki ɗankwalina na sauko. Mai karɓar baƙi ta ce in sa hannu cewa an saurari kukana. Na wuce ta.

Shekara uku ke nan. Masu neman Safinatu sun aiko a kai ta asibiti a duba ta tukuna, ita da kanta ta ce a mayar musu da kayansu. Tana koyarwa a wata makaranta yanzu. Badiyya tana nan da ranta, har yau ita ake kira in an yi mutuwa a layinsu. Kamfanin ma yana nan, na ji an ce sun ƙaro jirage.

Mu mutanen Agege a ƙarƙashin hanyarsu muke. Da can ban ma san ina jin su ba, kamar jirgin ƙasa ne, kunne ya saba. Yanzu akwai ɗaya da ke wucewa ta kan rufinmu gab da kiran azahar, lokacin ina wanke tanda a bakin famfo. Ban san na wane kamfani ba ne, ban san ko tashi yake ko sauka ba, ban kuma taɓa ɗaga kai na duba ba. In ƙararsa ta cika tsakar gida sai in tsayar da hannuna in ja tsaki, mai tsawo, har ya wuce. Sannan in karanta wa Yaya ƙulhuwallahu ƙafa uku, in ci gaba da wanki.